Muhammadu Buhari Ɗan Shehu: Malami, jarumi kuma uban garin Tambuwal

Matafiyin da ya tashi daga Sakkwato ya nufi Jega, bayan ya wuce Boɗinga da Shagari da Dogon Daji, Tambuwal ce babban garin da zai isa kafin ya shiga Jihar Kebbi. Direbobi da fatake sun san garin sarai, 'yan siyasa kuma sun san shi a matsayin rabin mazaɓar tarayya ta Kebbe da Tambuwal. Amma kaɗan ne daga masu wucewa suka san mutumin da ya mayar da wurin mazaunin sarauta da ilimi kusan shekara 200 da suka wuce. Sunansa Muhammadu Buhari, ɗan Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A yau idan aka ambaci wannan suna, hankalin jama'a yakan tafi ga tsohon shugaban ƙasa mutumin Daura, alhali kuwa mai Tambuwal ya riga shi amsa sunan da fiye da shekara 150.

A duniyar baƙar fata an daɗe ana tattauna muhimmancin yaro ya ga mai kama da shi a kan kujerar shugabanci. Shi ya sa aka yi ta murna lokacin da Nelson Mandela ya zama shugaban Afirka ta Kudu a 1994, da lokacin da aka zaɓi Barack Obama a Amurka a 2008. Yaro yakan auna abin da zai iya zama da abin da ya ga irinsa sun zama. Sai dai ɗan Tambuwal ko ɗan Kebbe ba ya bukatar tsallaka teku kafin ya sami irin wannan madubi, domin ƙasar da yake takawa ta fitar da shugabanni masu alƙalami da takobi tun kafin Bature ya san hanyar Sakkwato. Rayuwar Buhari ɗan Shehu tana cikin waɗanda suka cancanci a ba yara labarinsu, da daɗinta da ɗacinta duka.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Buhari wajen shekarar 1785, lokacin da mahaifinsa yake yawon wa'azi da karantarwa a ƙasashen Gobir da Kabi da Zamfara, tun kafin a yi tunanin yaƙi ko mulki. Mahaifiyarsa ita ce A'ishatu, ɗaya daga matan Shehu, wadda kuma ita ta haifi Muhammadu Sambo, wanda ya shahara da sufanci da gudun duniya. Muhammadu Bello da Abubakar Atiku yayyensa ne uba ɗaya, Nana Asma'u kuwa ƙanwarsa ce. Sunan da aka raɗa masa na babban malamin Hadisi ne, Imamul Buhari, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da gidan yake girmamawa.

Kamar yadda aka saba a ƙasar nan, inda akan ba ɗan'uwa riƙon yaro, Buhari ya tashi a hannun baffansa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda daga baya aka fi sani da Abdullahin Gwandu. Wannan riƙo ya yi tasiri a duk rayuwarsa. Abdullahi gwani ne a nahawu da sarfu da fiƙihu da tafsiri, shi ne marubucin Liya'ut Ta'awili da Liya'ul Hukkami da Tazyinul Waraƙati, kuma mawaƙi ne na Larabci wanda ba kasafai ake samun irinsa ba. A irin wannan gida, yaro yakan fara da allo, ya wuce zuwa ƙananan littattafan fiƙihu, sannan Risala da Muhtasar, ya haɗa da Ajurumiya da Alfiya, kana ya shiga Maƙamatul Hariri da waƙoƙin Larabawan kafin Musulunci domin ƙwarewa a lugga. Buhari ya yi karatu a wurin baffansa da mahaifinsa, kuma daga wurin baffan ya ɗauki son waƙa da sanin dabarun yaƙi.

Abin lura a nan shi ne, waɗanda ya buɗe ido ya gani suna jagorancin jama'a mutanen gidansu ne, masu harshe irin nasa da fata irin tasa, waɗanda sarakuna suke shakkar maganarsu. Yana ƙaramin yaro Shehu ya gana da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a filin idi na Magami, ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, a sassauta wa talakawa haraji, a saki fursunoni. Yaron da ya tashi da jin irin wannan labari game da mahaifinsa ba zai yi shakkar cewa irinsa na iya tsayawa gaban mai mulki ba.

Shekarun jihadi

Zaman lafiya tsakanin jama'ar Shehu da fadar Alƙalawa ya lalace a zamanin Sarkin Gobir Nafata, ya ƙara taɓarɓarewa a zamanin ɗansa Yunfa. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta afka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami da ke ƙasar Kabi, ta kama mutane ta biyo da su ta kusa da Ɗegel, inda almajiran Shehu suka kwance su. A watan Fabrairun 1804 Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Buhari yana da shekara kusan 19 a lokacin.

Shekarun da suka biyo baya masu tsanani ne. An yi nasara a Tabkin Kwatto a watan Yunin 1804 ƙarƙashin jagorancin Abdullahi, amma a ƙarshen shekarar aka yi babbar asara a Tsuntsuwa, inda aka rasa mutane masu yawa, ciki har da mahaddatan Alƙur'ani kusan 200. A 1805 Abdullahi ya ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice daga birninsa, jama'a suka koma Gwandu da zama. A wannan shekara kuma aka sha kashi a Alwasa, har abokan gaba suka iso bakin Gwandu kafin a mayar da su. Sai a 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa.

A cikin waɗannan shekaru na yunwa da ƙaura da jana'iza ne Buhari ya tashi daga ɗalibi ya zama ɗaya daga cikin jagororin yaƙi da ake lissafawa. Yawancin aikinsa a ɓangaren baffansa ya yi shi, wato yamma da kudu, kuma yana cikin waɗanda aka tura da runduna wajen ƙasar Nufe. Ya kuma ga abin da ya fi yaƙi wuyar sha'ani, wato yadda nasara take sauya zukatan mutane. Wajen 1807 Abdullahi ya ga alamun son duniya da son mulki sun fara bayyana a cikin jama'a, ransa ya ɓaci, ya kama hanyar gabas da niyyar barin ƙasar, har ya kai Kano, inda mutanenta suka roƙe shi ya tsaya ya rubuta masu littafi a kan tsarin mulki, kafin daga baya ya dawo. Wanda ya yi riƙon Buhari mutum ne da ke tsoron kujera fiye da yadda yake sonta, kuma za a ga alamar wannan tarbiyya a ƙarshen rayuwar ɗan riƙon nasa.

Rabon ƙasa da darasin Abdussalami

Wajen 1812, lokacin Shehu yana zaune a Sifawa, ya raba nauyin kula da ƙasa tsakanin manyan mataimakansa domin ya koma ga karantarwa da rubutu. Gabas ta koma hannun Bello, yamma hannun Abdullahi, arewa hannun Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo, kudu kuwa aka ambaci Buhari da Malam Abdussalami. Buhari bai cika shekara 30 ba aka ɗora masa wannan nauyi.

Haɗa sunayen nan biyu yana da ma'ana babba. Abdussalami Ba'are ne, kuma shi ne mafi shahara a cikin malaman Hausawa da suka bi Shehu tun farko, garinsa ne ma aka fara kai wa hari. Amma da aka zo ga zahirin rabo, sai ya ga abin da ya samu bai kai gwargwadon wahalarsa ba, manyan yankuna kuwa sun tafi ga dangin Shehu da shugabannin Fulani. Bayan rasuwar Shehu a watan Afrilun 1817, rashin jituwa tsakaninsa da sabon Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fito fili. Suka yi musayar wasiƙu, har Abdussalami ya aika da zane mai nuna yadda aka raba ƙasa, yana tambayar inda nasa kason yake. Bello ya tattara labarin wannan saɓani a littafinsa Sardul Kalami. Ƙarshenta dai yaƙi aka yi, garin Kware ya faɗi a farkon 1818, Abdussalami ya sami rauni, ya rasu a Bakura.

Masana tarihi sun sha bamban a kan wanda ya fi gaskiya a wannan rikici, amma darasin da ke ciki bai tsufa ba. Idan wani ɓangare na al'umma ya duba majalisar masu mulki bai ga nasa ba, ko da akwai addini ɗaya da manufa ɗaya, zuciya takan fara sanyi. Shugabannin daular ma sun fahimci haka, domin bayan ƙura ta lafa an bar ɗan Abdussalami ya kafa garin Jega a ƙarƙashin Gwandu, zuriyarsa suka ci gaba da sarauta a can. Shi ma sunansa Buhari, don haka ya kamata mai karatu ya bambanta Buharin Jega ɗan Abdussalami da Buharin Tambuwal ɗan Shehu. Maƙwabta ne, kuma garuruwansu biyu sun tashi a kan hanya ɗaya.

Ribaɗin Tambuwal

Rasuwar Shehu ta kawo wata ɓarakar a cikin gida. An yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato, Abdullahi kuwa ya koma Gwandu da ɓacin rai, aka ɗauki 'yan shekaru ba a jituwa, sai a Kalambaina wajen 1820, lokacin da Bello ya kawo wa baffansa ɗauki a kan masu tawaye, suka sasanta. Buhari yana tsakiyar wannan al'amari ta kowace fuska: ƙanen Bello ne ta jini, ɗan Abdullahi ne ta riƙo. Garin da ya zauna ma haka yake, domin Tambuwal tana cikin masarautar Sakkwato a yau, amma ta fi kusa da Gwandu nesa ba kusa ba.

A Tambuwal Buhari ya kafa ribaɗinsa. Ribaɗi gari ne mai ganuwa da ake ginawa a bakin iyaka, a zaunar da mayaƙa da iyalansu da malamai, su tsare ƙasa kuma su raya ta. Bello ya ba wannan tsari muhimmanci ƙwarai, shi da kansa ya gina Wurno ya zauna a can, ya kuma ɗora 'yan'uwansa da 'ya'yansa a kan wasu ribaɗoɗin. Manufar ta wuce tsaro kaɗai. Ana son makiyaya su zauna wuri ɗaya su koyi noma, 'ya'yansu su shiga makaranta, a jawo maƙera da masaƙa da marina da majema, a gina masallacin Juma'a, a naɗa alƙali, a buɗe kasuwa. Shugaban ribaɗi shi ne jagoran yaƙi, shi ne mai sasanta rigingimu, sau da yawa kuma shi ne mai ba da karatu a zaure.

'Yan kasuwa za su fi kowa gane amfanin wurin da aka zaɓa. A ƙarni na 19 ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayo goro sukan ratsa ta Jega da Yawuri, su ƙetare Kwara su shiga ƙasar Bargu. Suna tafiya da jakuna ɗauke da tufafin rini da kanwa da kayan fata, su komo da goro. Gishirin Foga ma yana shigowa daga yamma. Kasuwar Jega ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin ƙasar Hausa a wannan ƙarni, kuma hanyar da ta haɗa ta da Sakkwato ta bi ta ƙasar Tambuwal. Madugu ba ya bin hanyar da ba shi da tabbacin kwana lafiya a zangonta. Tsaron da ribaɗin Buhari ya samar yana cikin abin da ya sa dukiya ta riƙa gudana tsakanin manyan biranen daular biyu da kasuwannin kudu.

Kabawa da kwarin Gulbin Zamfara

Tambuwal ba a banza aka yi mata ganuwa ba. Daular Kabi tsohuwa ce, tun zamanin Muhammadu Kanta a ƙarni na 16, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Songhai ya gina Surame. Faɗuwar Birnin Kebbi a 1805 ba ta karya zuciyar Kabawa ba. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya shafe shekara kusan 20 yana gwagwarmaya, kuma kwarin Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ƙasar Gummi da Kebbe ya gangara Jega, yana cikin wuraren da ya yi ƙarfi. A 1826 aka kashe shi a yaƙi. Ƙanensa Sama'ila, wanda ake kira Karari, ya ci gaba daga Argungu har shi ma aka kashe shi a 1831. Aka kai ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, ya zauna shekaru a fadar Sarkin Musulmi, amma a 1849 ya sake ɗaga tutar Kabi, kuma daga nan Argungu ba ta sake komawa ƙarƙashin daular ba har zuwan Turawa.

Wannan babi yana bukatar a faɗe shi da adalci. Mutumin da ake kira jarumi a wani zaure, a wani zauren maharin kakanni ne. A kudancin Jihar Sakkwato da maƙwabtanta akwai jikokin waɗanda suka bi tutar Shehu, akwai jikokin waɗanda suka tsaya tare da Hodi, kuma auratayya ta gauraya su har ba a iya rabewa. Sarautar Sarkin Kabi kanta ana amsa ta a Argungu da Yabo da Jega, kowanne da tarihin yadda ta zo masa. Yaron da ke Kebbe yana da haƙƙin ya san Buhari, yana kuma da haƙƙin ya san Kanta da Hodi da Nabame, domin dukkansu nasa ne.

Haka kuma ba za a ɓoye cewa yaƙe-yaƙen wannan zamani, daga kowane ɓangare, sun jefa mutane masu yawa cikin bauta ba. Wasu an zaunar da su a gandayen noma, wasu an gangara da su kudu har bakin teku aka sayar. A yankin Bahiya na ƙasar Barazil, Hausawan da aka bautar sun yi yunƙurin bore a 1807 da 1809 da 1814, sannan Musulmin can suka yi babban tawaye a 1835. Wanda ake koyi da shi mutum ne ɗan zamaninsa, kuma girmama shi bai hana a ambaci abin da zamanin ya yi na kuskure ba.

Alƙalaminsa

Da a fagen fama kaɗai Buhari ya tsaya, da sunansa ya shiga jerin sauran jarumai ya tsaya nan. Abin da ya bambanta shi shi ne waƙa. Ya bar ƙasidu na Larabci waɗanda masana adabin Sakkwato suke sanya su cikin mafi kyawun abin da aka rubuta a daular, bayan na baffansa da na yayansa Bello. Ya yi waƙa a kan yaƙe-yaƙen da ya halarta, kuma an san shi da waƙoƙin bege irin na tsofaffin mawaƙan Larabawa, fannin da malaman zamaninsa ba su cika shiga ba. Mutum ne da zai kwana a sansani ya tashi ya auna baiti a kan ma'aunin Larabci ba tare da karaya ba.

Ya kamata a ajiye wannan kusa da abin da ake faɗa game da baƙar fata a wasu sassan duniya a daidai waɗannan shekaru. A shekarun 1820, malamin falsafa na Jamus, Hegel, yana koyar da ɗalibansa a Berlin cewa Afirka ta baƙar fata ba ta da gurbi a tarihin duniya. A daidai lokacin, Baturen Ingila Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, ya tarar da Sarkin Musulmi Bello yana yi masa tambayoyi a kan rarrabuwar ɗarikun Kirista na da, kuma da ya dawo karo na biyu, cikin kyautar da ya kawo akwai littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci. A Amurka kuwa, a farkon shekarun 1830 jihohin kudu da dama sun tsaurara dokokin hana koya wa bayi karatu da rubutu. Duk da haka a 1831 wani bawa mai suna Umar ɗan Sa'idu ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a Jihar Karolina ta Arewa. Mutumin Futa Toro ne, ƙasar da Toronkawa dangin Shehu suke danganta asalinsu gare ta. Irin karatun da ya sa Buhari ya zama mawaƙi a Tambuwal, shi ne ya sa Umar ya iya riƙe sunansa da asalinsa a cikin ƙangin bauta.

Sarautar da ta wuce shi

Malam Abdullahi ya rasu wajen 1828, Sarkin Musulmi Bello kuma ya rasu a Wurno a watan Oktoban 1837. A wannan lokaci Buhari yana cikin manyan 'ya'yan Shehu da suka rage, yana da ilimi, yana da suna a yaƙi, yana da gari da mayaƙa a bayansa. Masu zaɓe, ƙarƙashin jagorancin Waziri Giɗaɗo, suka naɗa yayansa Abubakar Atiku. Buhari bai ɗaga takobi a kan ɗan'uwansa ba, ya ci gaba da zama a ribaɗinsa yana tsare iyakar da aka ba shi amana.

A tarihin masarautu, a nan da wasu ƙasashe, an sha ganin yadda ɗan sarki mai runduna yake mayar da rashin samun gado yaƙin basasa. Kano ta ɗanɗana irin wannan daga 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, aka yi asarar rayuka da dukiya mai yawa. Daular Sakkwato a 1837 tana fama da Gobirawa a arewa da Kabawa a yamma, kuma da gidan Shehu ya rabu biyu a lokacin, da wuya ta kai inda ta kai. Haƙurin mai Tambuwal yana cikin ayyukansa na shugabanci, ko da yake ba a yi masa kirari a kansa kamar yadda ake yi a kan cin gari ba. Ma'aikacin da aka tsallake a ƙarin girma, da ɗan takarar da ya faɗi zaɓen fid da gwani, da ɗan kasuwar da bai sami shugabancin ƙungiya ba, kowannensu yana da abin dubawa a nan.

Rasuwarsa da zuriyarsa

Buhari bai daɗe ba bayan wannan. Ya rasu wajen 1840 yana da shekara kusan 55, a zamanin Sarkin Musulmi Atiku. Ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda ta saba yi wa manyan gidan marsiyya, ta yi masa tasa. Ɗansa Umaru ya gaje shi a Tambuwal, zuriyarsa kuma ta ci gaba da riƙe sarautar garin da ta Dogon Daji.

Sarautar Sarkin Musulmi kuwa ta riƙa zagayawa tsakanin gidan Bello da gidan Atiku, in ban da Ahmadu Rufa'i ɗan Shehu da ya yi mulki daga 1867 zuwa 1873. Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, suka bar tsarin a kan gidajen nan biyu. Gidan Buhari ya jira shekara 151 daga zaɓen 1837, sai a 1988, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, aka naɗa Alhaji Ibrahim Dasuƙi, ɗan Dogon Daji, a matsayin Sarkin Musulmi na 18. Naɗin ya zo da tarzoma a Sakkwato, kuma gwamnatin soja ta Janar Sani Abacha ta sauke shi a 1996, aka naɗa Alhaji Muhammadu Macciɗo. Ko me mutum yake gani game da waɗannan al'amura, sun nuna cewa tambayar wane gida ne ake gani a kan kujera ba ta mutuwa da wucewar ƙarni. A siyasar zamani ma yankin ya fitar da Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, sannan Gwamnan Jihar Sakkwato.

Abin da ya rage gare mu

Baƙaƙen fatan Amurka sun gane illar yaro ya tashi bai san magabatansa ba. Shi ya sa masanin tarihi Carter Woodson ya ƙirƙiro makon tarihin baƙar fata a 1926, wanda aka faɗaɗa ya zama wata guda a 1976, ana yin sa duk Fabrairu. Su sai da suka tono tarihinsu daga ƙarƙashin bauta. Namu kuwa yana nan a rubuce, da hannun masu shi, a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna, da ɗakunan karatu na jami'o'i, da akwatunan gidajen malamai. Duk da haka an yi zamanin da ake koya wa ɗalibanmu cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara, kogin da fatakenmu suke ƙetarewa da jakunansu tun kafin a haife shi. Wajen 2009 ma aka cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantun Najeriya, aka shafe fiye da shekara goma kafin a dawo da shi.

Gyaran wannan bai fi ƙarfinmu ba. Malaman firamare da sakandare a Tambuwal da Kebbe za su iya kai ɗalibai fadar hakimi su ji tarihin garinsu daga bakin dattawa. Ma'aikatan sashen ilimi na ƙananan hukumomin biyu za su iya shirya gasar rubutu a kan magabatan yankin, Fulaninsu da Kabawansu da Zamfarawansu. Masanan Larabci na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna da ƙwarewar fassara ƙasidun Buhari zuwa Hausa, attajiran yankin kuma suna da halin ɗaukar nauyin buga su a ƙaramin littafi mai sauƙin kuɗi. Yaron da ya karanta cewa wani saurayi ɗan shekara 19 ya bi hijira da ƙafa, ya zama malami kuma mawaƙi, ya gina garin da yake ciki, sannan ya haƙura da sarauta domin gida ya zauna lafiya, zai san cewa irin wannan aiki an taɓa yin sa a nan, kuma irinsa ne ya yi shi.

Allah Ya jiƙan Muhammadu Buhari ɗan Shehu da sauran magabatanmu, Ya gafarta masu kurakuransu, Ya ba na baya ikon ɗaukar kyawawan halayensu.